Wa ya fara huda donat a tsakiya?

Tambaya: Ina soya donat na sayarwa. Yarana sun dame ni da tambayar daga ina ya fito, kuma me ya sa ake huda tsakiyarsa.

Amsa: Malama, suyar kwaɓin fulawa a cikin mai tsohuwar sana'a ce, ba wata ƙasa ɗaya ce ta ƙirƙiro ta ba. Wani littafin girki da aka rubuta a Bagadaza a 1226 ya kawo luƙmatul ƙadi: kwaɓi ne da ake bari ya tashi, a soya shi ƙanana, a tsoma a ruwan sukari.

Amma donat ɗin da kike soyawa ta hannun mutanen Holan ya biyo. A ƙarni na 17 suka kafa gari a Amurka mai suna New Amsterdam, wanda ya koma New York, suka je da wata suyarsu da suke kira olikuk. Dunƙule take, kusan kamar fankenmu, ba huda. Matsalarta kuwa kin san ta: idan dunƙulen ya yi girma, baya ya yi ja, ciki na ɗanye.

Hudar maganin wannan ce. Da an cire tsakiya, mai zai ratsa ta ciki da waje, suya ta yi daidai. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan jihar Maine ta Amurka, Hanson Gregory, ya ce shi ya fara a 1847 yana ɗan shekara 16, saboda cikin na zama ɗanye, da murfin gwangwanin barkono ya ƙwaƙule tsakiyar. Sai dai a 1916 ya ba 'yan jarida labarin, bayan kusan shekara 70, kuma daga bakinsa kaɗai ya fito. Ni dalilin da ya bayar ya fi gamsar da ni fiye da iƙirarin, domin duk mai tsayawa gaban kasko zai iya kaiwa ga wannan dabara.

Yaƙi da inji ne suka yaɗa shi. A 1917 matan ƙungiyar agaji ta Kiristoci mai suna Salvation Army suna soya wa sojojin Amurka donat a fagen daga a Faransa, sojojin suka koma gida da kwaɗayinsa. A 1920 Adolph Levitt, baƙo daga Rasha, ya fito da injin suyarsa a New York saboda hannu ya kasa cika wa masu saye. Daga nan manyan kamfanoni suka shigo: Krispy Kreme a 1937, Dunkin' Donuts a 1950.