Amsa ga ƙanwata mai son karanta tarihin matan Girka da Roma

Ƙanwata, saƙonki ya iso, kuma na fahimci kina so ki zo Ingila ki yi digiri na biyu a kan rayuwar matan Girka da Roma na zamanin da, kina neman in samo miki malamin da zai duba aikinki da tallafin karatu. Malami ana samu, amma tallafi a wannan fanni ya yi ƙaranci ƙwarai, kuma aikin yi bayan kammalawa ya fi shi ƙaranci, saboda haka kada ki bari Baba ya sayar da gona a kan wannan tafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne cewar da kika yi kina so ki ji muryar matan da kansu. Kusan duk abin da ya rage mana maza ne suka rubuta shi. Sappho, mawaƙiyar Girka wadda kowa yake ambata, waƙarta ɗaya ce ta iso mana cikakkiya, sauran gutsattsari ne, kuma Sulpicia ta Roma gajerun waƙoƙi 6 ake jingina mata. Aikin yau da gobe shi ne tonon jawaban kotu da rubutun kan duwatsun kaburbura, wanda ba ya yiwuwa sai da Girkanci da Latin. Ni da digirina na zauna aji ɗaya da yaran da suka fara Latin tun suna sakandare, suna karatu kamar ruwa ina lalube a ƙamus, kuma sai da na sha wuya kafin na kamo su.

Sannan ki shirya wa abin da ya fi ɓata mini rai. A birnin Atina na tsohuwar Girka mace tana ƙarƙashin waliyyi tun daga haihuwa har mutuwa, uba ko miji ko ɗa, kuma doka ta hana ta ƙulla cinikin da ya wuce kimar buhun sha'ir guda. Idan mutum ya mutu ya bar 'ya mace kaɗai, dangin uba mafi kusa yana da ikon aurenta domin dukiyar ta tsaya a gida. A kotu ma ana kauce wa ambaton sunan matar kirki muddin tana raye, sai a ce 'yar wane ko matar wane. To, duk lokacin da aka zo wannan gaɓa a aji sai idanu su juyo kaina da mayafina, har wani malami ya taɓa cewa in bayyana musu yadda kulle yake, tun da a ganinsa daga irin wannan duniyar na fito. Na gaya masa cewa kakarmu tana cikin kulle ta yi sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta yi adashi, ta ci gadon mahaifinta, ta sayi gida da sunanta, abin da matar Atina ba ta da hanyar yi. Za a yi miki wannan tambaya, kuma idan ba ki san dokar Atina ciki da waje ba, za ki zama abin misali a ajin da kika biya kuɗi kika shiga.

Kuskure ne kuma ki haɗa Girka da Roma a tukunya ɗaya kamar yadda kika yi a takardar shirin bincikenki. Ko a cikin Girka, masanin falsafa Aristotil ya koka cewa kusan kashi 2 cikin 5 na ƙasar Sparta a hannun mata take. A Roma kuwa, a shekara ta 195 kafin haihuwar Annabi Isa, mata sun cika tituna har aka soke dokar Oppia wadda ta taƙaita musu zinariya da tufafi masu launi tun 215. A shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa wata mata mai suna Hortensia ta tsaya a dandalin birni ta ƙalubalanci harajin yaƙi da aka ɗora wa mata masu dukiya 1,400, aka rage su zuwa 400. Daga baya sarkin Roma Agustus ya 'yantar da macen da ba a haifa cikin bauta ba mai 'ya'ya 3 daga waliyyi. Duk da haka ba su jefa ƙuri'a ba, ba su riƙe muƙamin mulki ba, kuma waɗannan duka matan manya ne. Kuyangi da ungozomomi da masu sayar da kaya a kasuwa, waɗanda su ne mafi yawa, galibi sai a kan dutsen kabari ake cin karo da sunansu.

Idan har yanzu kina kan bakanki, ki zaɓi gari ɗaya da ƙarni ɗaya ki sake rubuta takardar. Ni da zan zaɓa miki, garin Pompeii na ƙasar Italiya zan ce, domin aman dutsen shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa ya adana ginin da wata attajira mai suna Eumachia ta gina da kuɗinta, da rubutun bango inda mata suke tallata 'yan takarar da su kansu ba su da ikon zaɓa. Ki fara Latin tun kina gida, kuma ki turo mini sabuwar takardar kafin in yi wa kowane malami magana.