Kun Tambaya Mun Amsa: Motoci Sun Hana Mu Sakat Ranar Kasuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya ƙoƙari. Ni ɗan kwamitin kasuwar garinmu ne a nan ƙasar Ringim, kasuwar a bakin titi take kuma sati-sati take ci, toh duk ranar kasuwa motoci da mashina sai su toshe hanya gaba ɗaya kowa inda ya ga dama nan yake fakin. Yanzu dagaci ya ba mu fili a bayan rumfunan hatsi, ƙafa 100 ta kowane ɓangare, wasu sun ce ya yi kaɗan a nemi ƙari wasu kuma sun ce a tara kuɗi a zuba siminti. Dan Allah ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka wa dagaci da alheri. Maganar siminti ku ajiye ta tukuna, maganar ƙarin fili ma haka, ku fara da ƙirga. Ku samu samari biyu ko uku da littafi da biro su tsaya tun hantsi har magariba, duk bayan minti 30 su zagaya su rubuta lambar kowace motar da ke tsaye da irinta, ƙarama ce ko akori-kura ko kanta ko tirela, mashina kuma a ƙirga su daban. A yi haka kasuwa uku aƙalla kuma a tabbata ɗaya ta faɗo lokacin kaka, don cikar kasuwar riɗi da gero daban take da ta tsakiyar damina. Littafin nan zai gaya muku mota nawa ke taruwa sanda kasuwa ta fi cika, da awa nawa kowace take yi a tsaye, da kuma mota nawa ke shiga gurbi ɗaya a wuni. Wannan shi ne aikin da injiniyoyi ke yi a manyan birane kafin su zana komai, ba wani sirri a ciki.

Na ukun nan, wato mota nawa ke shiga gurbi ɗaya a wuni, mutane ba sa kula da shi alhali nan maganar take. Gurbin da ɗan kasuwa ya ajiye motarsa tun safe sai bayan la'asar mota ɗaya ya yi wa amfani, amma gurbin da masu sauke kaya ke shiga su yi awa ɗaya su fita zai iya ɗaukar mota takwas ko goma a wunin. Don haka masu wuni a kai su can ƙuryar fili, bakin ƙofa a bar wa masu zuwa su tafi.

Sai awo. Ƙaramar mota tana buƙatar faɗin mita 2.5 da tsawon mita 5, wato kamar ƙafa 8 da ƙafa 16 da ɗoriya. Amma abin da ke cin fili shi ne hanyar tsakiya da mota za ta bi ta yi ribas ta fita, idan motocin a miƙe za su tsaya hanyar nan kada ta gaza mita 6, kusan ƙafa 20 kenan. In ka haɗa gurbi da rabonsa na hanya kowace mota tana cin murabba'in mita 25 zuwa 30, kaga filinku mai kusan mita 30 ta kowane ɓangare zai ɗauki ƙananan motoci wajen 30, ba 60 ɗin da za ka lissafa in ka kalle shi da ido ba. Idan wani gefen ya matse sai a jera motocin a karkace, a haka hanyar mita 4 ma za ta isa amma dole kowa ya shiga ta ƙofa ɗaya ya fita ta wata.

Wallahi ina roƙonku kada ku bari a ci hanyar tsakiyar nan don a ƙara mota biyar. Na taɓa tsayawa a wata kasuwa na ga direban akori-kura ya gama lodin tumatir tun kafin azahar, motoci layi uku sun rufe shi ta baya, yaron motarsa yana bin rumfuna yana kiran lambar mota yana tambaya waye mai farar Golf, mai motar kuma ya tafi cikin kara cinikin akuya, har ruwan tumatirin ya fara ɗiga ta ƙasan bodi kafin a samu hanya. Da mara lafiya ne a motar fa? Ga fili nan a wurin ba wai babu ba, layi ne kawai ba a ja ba.

Manyan motoci kada ku haɗa su da ƙanana ko kaɗan. Tirela tsawonta ya haura mita 15 kuma kwanarta na buƙatar sarari mai yawa, ku duba yadda suke cika Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a, in ɗaya ta gitta shikenan kowa ya tsaya. A ba su gefen da za su shiga da kai su fita da kai ba sai sun yi ribas ba, kusa da rumfunan hatsi inda ake lodi. Mashin bai wuce faɗin mita 1 da tsawon mita 2 ba, gurbin mota ɗaya zai ɗauki biyar, sai a ware musu nasu kusa da ƙofar masu ƙafa. Amalanke da shanunta su ma a nema musu inuwa can nesa da hon. Gurbi ɗaya ko biyu na bakin ƙofa a faɗaɗa su zuwa mita 3.6 saboda masu lalura da tsofaffi. Ƙofar kanta kada ta faɗo a kan kwana ko dab da mahaɗar hanya.

Game da ƙasa, jar ƙasa da tsakuwa in an daddaɓe su da kyau sun ishe ku shekarun farko, ruwa ne abin tsoro. A yi wa filin ɗan gangare, a kowace mita 10 ya sauka kamar santimita 20 wato taƙi ɗaya, ya nufi kwalbati ba rumfunan mutane ba. Layi kuma ku fara ja da toka da igiya da turaku, ku gwada kasuwa uku ko huɗu inda bai yi ba ku goge ku sake, siminti in ya bushe ba ya gyaruwa.

Wani malamin jami'a a Amurka, Donald Shoup, ya shahara da cewa wurin fakin mai kyau shi ne wanda cikarsa ba ta wuce kashi 85 cikin 100 ba, wato a gurbi 20 a samu 3 babu kowa, don wanda ya iso ya samu wuri ba sai ya koma bakin titi ba. Toh in littafin samarinku ya nuna ƙananan motoci ba sa wuce 25 a lokaci ɗaya filin nan ya ishe su, in kuma suna kai 40 ko tireloli sun yi yawa sai ku koma wajen dagaci da littafin a hannu. Kuma tun ranar da za a ja layin farko ku zauna da sarkin kasuwa da 'yan yuniyon da 'yan kamasho, su ne za su tsaya a ƙofa suna nuna wa direba inda zai shiga.