Kafin ka sayi kayan ɗaure tukunyar nutso da kuɗin damina

Saƙon nan daga Abijan ya iso mana Tawa. Wani ƙanenmu ɗan Adar ne da ya tafi bida, Allah ya haɗa shi da masu nutso da ke kankare gindin jiragen ruwa a wajen Vridi, unguwar tashar jiragen ruwan Abijan. Aikinsa shi ne ɗaukar tukwanen iska yana miƙa wa masu shiga ruwa, yanzu kuma an fara koya masa shiga. Yana so ya mallaki nasa kayan ɗaure tukunya a baya: faranti, maɗauri da kusoshinsu. Ya ga na araha a intanet, ya ga wani a shago da ya ninka shi kuɗi. Abin da ke hannunsa kuwa shi ne kuɗin da ya saba aikowa gida kafin ruwa ya sauka. Yana tambaya wanne zai ɗauka, kuma in ya saya, ko za a fara kiran sa aiki shi kaɗai.

Ƙanena, Allah ya yi wa nema albarka. Bari in fara da tambayarka ta biyu, don ita ce ta fi damuna. Waɗannan kaya aikinsu ɗaya ne tak: su riƙe tukunya kada ta zame daga bayanka kana ƙarƙashin ruwa. Aiki ne babba, rai ne a ciki. Amma ba su ke jawo kwangila ba. Mai jirgi ba ya duba ƙyallin farantinka, takardar shaidar koyon nutso yake tambaya, da ta likita. Ka kuma sani katin PADI, ƙungiyar nan mai koyar da nutso, na matakin farko na masu nutson shaƙatawa ne, iyakarsa mita 18, ba lasisin aiki a ƙarƙashin jirgi ba ne. In kana sa ran ƙarfe ya yi maka abin da takarda ke yi, ko na zinariya ka saya za ka ji an cuce ka.

Yanzu ga kayan. Kafin ka duba farashi, ɗauki awo ka je wurin tukwanen da kuke aiki da su. Tukunyar alminiyom da aka fi yawan gani tana cin kusan lita 11, ana cika ta da iska har matsinta ya kai bar 207, faɗinta milimita 184, nauyinta ba iska kusan kilo 14. Ta ƙarfe mai lita 12 doguwa faɗinta milimita 171, gajera mai ƙiba ta lita 12 da mai lita 15 kuwa sun kai kusan 204. Maɗaurin ƙarfe na tukwane biyu ana ƙera shi ne don faɗi guda, ba ya miƙewa ba ya tsukewa. Mutane da yawa nan suke asara: kaya su iso daga Turai ko Sin, a tarar ba su shiga ba, mayarwa kuma ta fi kuɗin sayen. A farantin baya ka auna tsakanin ramukan kusoshi biyu, abin da aka saba shi ne kusan santimita 28.

Sai irin ƙarfen, nan ne tsada ke da dalili. Kowane mai shago zai ce maka inoks ne, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, amma inoks iri-iri ne. Akwai 304, akwai 316. Na 316 an sa masa wani sinadari, molibdenom, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, shi ke hana gishiri huda shi. Juya kan kusar ka duba da idonka: in an buga A4, dangin 316 ne, in A2 ne, dangin 304. Wanda ba tambari ko kaɗan, ajiye musu abinsu. Ka tafi da mayen ƙarfe a aljihu. In ya manne daram, galibi ƙarfe ne kawai aka shafa wa ƙyalli, ruwan tekun Abijan zai cinye shi ba da jimawa ba. Sai dai mayen ba ya bambanta 304 da 316, tambarin ne ke faɗa. Kuma kada inoks ya zauna tsirara a jikin tukunyar alminiyom cikin ruwan gishiri, alminiyom ɗin ne zai ci wuya. A sa roba a tsakani.

Ra'ayina, mai tukunya ɗaya irinka ba ya bukatar maɗaurin ƙarfe ma. Igiyar nailan mai faɗin santimita 5 da makullinta mai kyau, guda biyu, sun isa. Jiƙa ta kafin ka ɗaure, don nailan yana saki in ya sha ruwa, wanda ya ɗaure a bushe zai ji tukunya tana rawa a bayansa bayan ya nutse. In ka ɗaure, ɗaga kayan ka girgiza da ƙarfi. Ka wanke da ruwan famfo duk ranar da aka fito. Farantin da aka yi hannu da shi, in bai tsage ba bai lanƙwashe ba, daidai yake da sabo, ka canza igiya kawai. Kuɗin suna da na launi kada ka biya su. Kuɗin ƙarfe nagari da awo daidai kuwa kada ka yi ƙyashinsu. In farashin da Yuro aka rubuta, Yuro 1 kusan sefa 656 ne, wato jika 65 da 'yan kai ga Yuro 100, ban da dako da kwastan.

Akwai abin da ban gane ba a saƙonka: me ya sa kai za ka saya? Wanda ya ɗauke ka aiki shi ke da alhakin ba ka kayan da za su tsare ranka, shi ke kai tukwane gwajin matsi, wanda a wurare da dama ake yi duk shekara 5. Tambaye shi cikin ladabi ko ya rubuta ka a CNPS, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasar, don in hatsari ya faru a wurin aiki nan ake dubawa. Ka sabunta katin ofishin jakadancinmu. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ran 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar takardun da ke ɗauke da tambarinta har sai an sanar da wani abu, don haka kada ka bari naka su mutu a aljihu.

Kuɗin damina kuma, ƙanena, ka san me suke yi a nan. Iri ne, kuɗin 'yan noma ne, hatsin da zai kai gida zuwa kaka ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma tiya ta hau a kasuwa. Kada ka taɓa su a ɓoye. Aiko su yadda ka saba. In akwai ragowa, fara da igiyoyi biyu da makullansu, ka ci gaba da aiki da farantin maigidanka. Ka kira yayanka ka gaya masa kana tara kuɗin makarantar nutso, don gida su san abin da za su sa rai da shi baɗi. In ka auna tukwanen, turo mini awon da hoton kan kusoshin da ka gani a shago, mu duba tare kafin ka biya.