Ana iya kai hukuma kotu a Amurka don takardarta ta yi wuyar fahimta?

Malam, ka tambaya ko za ka iya kai hukuma kotu saboda ta aiko maka wasiƙar tallafi da ba a gane kanta balle gindinta. A'a, ba za ka iya ba, in dai da dokar rubutu mai sauƙin fahimta za ka dogara.

Wannan doka ta Amurka ita ce Plain Writing Act, wadda Obama ya sa wa hannu ranar 13 ga Oktoba 2010. Ta wajabta wa hukumomin tarayya rubuta fom, wasiƙu da sanarwa kan tallafi, hidima da haraji yadda kowa zai gane. Kowace hukuma sai ta naɗa babban jami'i mai sa ido, ta horar da ma'aikata, ta ware shafi a intanet, ta fitar da rahoto duk shekara.

Ga inda gizo ke saƙar: dokar da kanta ta ce ba ta ba kowa damar shigar da ƙara ba. Kuma ba ta hau kan jihohi ba, alhali wasiƙun Medicaid (tallafin kula da lafiya) da SNAP (tallafin abinci) galibi jiha ce ke aikowa. Tsofaffin takardu ma ba ta hawa kansu sai an zo yi musu gagarumin gyara.

Fara duba ranar da wa'adin ɗaukaka ƙara kan shawarar da hukumar ta yanke a wasiƙar zai cika, don ba lallai ne rashin fahimta ya tsayar da shi ba. Sannan ka kira lambar da ke wasiƙar, ka nemi bayani a rubuce.