Amsa Ga Takwarata A Kan Masaki Mai Ɗinki

Takwara, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, saƙonki ya iso ni ta hannun kawunki, kuma shi na zaunar yake rubuta miki wannan amsa. Kin ce mahaifiyarki ta dage sai an sa tsohon masakin nan mai ɗinki a cikin kayan jerenki, kina tambaya ko al'ada ce ta wajabta haka, domin kina jin nauyin ƙawayenki su zo ganin ɗaki su iske shi kusa da sababbin kuloli da farantan tangaran. Na yi murmushi da aka karanta mini, amma a daren ban yi barci da wuri ba, saboda na ji kin kira shi tarkace.

Masakin nan na uwata ne, ita ta ba ni ranar da aka kai ni ɗaki a ƙauyenmu na ƙasar Ɗambatta, shekara guda kafin farin 1973. A shekarar farin ce aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Ruwa ya ɗauke gero bai fitar da kai ba, duman da muke shukawa a jikin danga ya bushe tun yana yaɗo, har ƙwarya ta yi wuyar samu. Wata safiya ina dawowa daga rijiya, wadda ruwanta ya yi nisa har sai an haɗa igiya biyu kafin guga ya taɓa shi, na yi tuntuɓe, masakin ya faɗi ya tsage tun daga baki har kusa da gindi. Na shiga gida ina kuka, amma surukata, Allah ya jiƙanta, ba ta yi mini faɗa ba, ta karɓa ta juya shi a hannunta, ta ce a ajiye wa gyartai.

Bayan kwana uku ya zo, wani dattijo mai jakar fata a rataye, ya zauna a zaure ya hura 'yar wuta. Ina leƙe ina kallonsa yana gasa basilla, yana huda gefen tsagar dama da hagu, ƙaurin ƙwarya ya cika zauren, sannan ya ɗauki zaren kaba da ya jiƙa ya riƙa zurawa yana ɗaurewa, bai yi gaggawa ba ko kaɗan. Da ya gama ya zuba ruwa a ciki ya ajiye a gabansa, muka yi shiru muna jira, ƙasan da ke ƙarƙashinsa ba ta jiƙe ba. Surukata ta auno masa gero a ƙoƙo, wanda a shekarar nan ya fi kuɗi daraja, ta juyo ta ce da ni da sabon gini gara yaɓe. A cikin masakin nan aka dama kunun sunan mahaifiyarki.

Uwata takan ce abin da ya yi maka hidima yana da hakki a kanka. Zane idan ya koɗe a kai shi marina a sake tura shi, idan ya tsufa ya koma majanyin goyo, daga nan ya zama gammo ko tsumman goge tukunya. Ƙwaryar da ta fi ƙarfin gyartai takan zama sakaina ta kwasar toka, a ƙarshe ta bi taki zuwa gona ta ruɓe.

Da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, suka shigo a 1975, kwano ya cika ɗakunan amare, kuma ina nadamar cewa ni ma na tura ƙorena ƙarƙashin gado na jera kwanuka har rufi. Bayansu roba ta zo, leda ta biyo baya, gyartai ya daina zagayowa don babu mai kiransa. Yanzu bokiti ya tsage sai bola, ledar ruwa ta toshe kwata damina ta shiga ɗakunan mutane, tumaki suna cin ta a juji har mahauta su iske ta cunkushe a tumbi. Ku kuma 'yan yanzu kuna barin iyayenku su ci bashi don kayan da ba za a taɓa cin abinci a cikinsu ba, ga shi Allah ya hana almubazzaranci.

Batun ko wajibi ne kuwa, ban taɓa jin malamin da ya ce aure ba ya ɗauruwa sai da ƙwarya ba. Ki zo ranar Juma'a bayan la'asar, ki karɓo masakin daga wurin mahaifiyarki, zan dama miki fura a ciki, ki shafa ɗinkin da hannunki.