Tambaya da Amsa: Yawon buɗe ido kafin 'yan sikawut su shiga daji, dole ne ko ɓarnar kuɗi ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ina cikin manyan dake kula da wata ƙungiyar 'yan sikawut a nan Amurka, mun samu gurbi a Philmont a watan Yuli, tafiyar kwana 12 a ƙafa da jakar goyo, yara 8 ne da mu manya 3. To sai ga kamfanoni suna ta turo mana talla wai zasu ɗauke mu daga filin jirgi su zaga damu kwana biyu ko uku mu ga gari kafin su sauke mu a sansani. Yanzu iyaye sun rabu biyu, wasu sunce ai ɓarnar kuɗi ce kawai tunda daji za'a shiga ba biki ba, wasu kuma sunce wai yana taimakon jiki. Mu a bakin teku muke zaune, yaran nan babu wanda ya taɓa hawa dutsen kirki. Dan Allah a bamu shawara. Daga wani jagoran sikawut.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kai ku lafiya ya dawo daku lafiya. A taƙaice, ku yi kwana biyun nan, amma ku sani ba don kallo zakuyi ba, don huhu da jini zakuyi, kallon kawai riba ce da ta biyo baya.

Ga masu karatun da basu san wurin ba, Philmont wani ƙaton filin 'yan sikawut ne kusa da garin Cimarron a jihar Niyu Meziko, cikin duwatsun Sangre de Cristo, ya haura eka 140,000, wani attajirin mai da ake kira Waite Phillips ne ya bada mafi yawansa kyauta tun daga 1938. Babban sansanin da ake fara sauka ma yana kan tudun da ya kai wajen mita 2,000 daga matakin teku, dutsen Baldy kuma da yara da yawa ke burin hawa mita 3,792 ne. To kai da ka taso daga bakin teku ka sauka daga jirgi yau, jibi ka saɓa jaka mai nauyi ka fara hawa, ai jikinka bai san da zancen ba.

Abinda ke faruwa shine, iskar oksijin tana nan kashi 21 cikin 100 ko a ƙasa ko a sama, abinda ke raguwa shine matsin iskar, a mita 3,000 ya koma kusan kashi 70 cikin 100 na abinda ka saba, wato duk numfashi ɗaya da ka ja abinda ke shiga jini ya ragu. Jiki yana gyara kansa, numfashi ya ƙaru, bugun zuciya ya ƙaru, amma sai an bashi kwanaki. In ba'a bashi ba sai ciwon tudu ya taso, yawanci daga mita 2,500 zuwa sama, da ciwon kai da tashin zuciya da jiri da rashin son abinci da barcin da baya daɗi, kuma ba nan take yake zuwa ba, sai bayan wasu awoyi, sau da yawa da dare. Kwana biyu bazasu gama aikin ba gaskiya, amma suna rage wahalar farko sosai.

Shi yasa in kamfani ya turo maka jadawali, kafin ka kalli hotunan wuraren ka fara tambaya a ina yaran zasu kwana kowane dare. Denver tana kan mita 1,609, Colorado Springs wajen mita 1,840, Albuquerque wajen 1,600, Santa Fe ta haura 2,100. Duk waɗannan kwanan da akayi a cikinsu jiki na ƙirgawa. Dabarar masu hawa duwatsu ita ce a hau sama da rana a sauko ƙasa a kwana, kuma nan ne yawon yake da amfani na gaske, misali dutsen Pikes Peak mita 4,302 ne, ana hawa da mota ko da jirgin ƙasa mai haƙora daga Manitou Springs, a ɗan zaga a sama a sauko. Ta ɓangaren Albuquerque kuma akwai keken da ke rataye a igiyar ƙarfe yana kai mutane saman Sandia, sama da mita 3,100. Amma fa ni bana son a kai yara Pikes Peak a ranar da suka sauka daga jirgi, a bari sai washegari, kuma kar a daɗe a saman, in wani ya fara riƙe kai a sauko dashi ba gardama.

Inda nake da matsala da wasu jadawalin shine cunkoso. Zakaga an jera wuri shida a rana ɗaya, a tada yara da asuba a cusa su a bas, a je Garden of the Gods, wani wurin shaƙatawa mai jajayen duwatsu a Colorado Springs, a ɗau hoto, a ruga makarantar sojan sama ta Amurka dake kusa, a wuce gadar Royal Gorge da aka gina tun 1929, a shiga kogin Arkansas da kwale-kwalen roba, a dawo masauki ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Kamfani yana son iyaye su ga kuɗinsu bai tafi a banza ba, na gane, amma zafin nema baya kawo samu, yaron da ya iso sansani a gajiye da ƙunar rana a cinya da wuya kun riga kun ci masa rabin ƙarfinsa. Wuri biyu a rana sun isa, ɗaya da ɗan tattaki mai sauƙi a ciki, sauran lokacin a sha ruwa a ci abinci a kwanta da wuri. Iskar can busasshiya ce, mutum na rasa ruwa bai sani ba.

Akwai wani amfanin da iyayen dake cewa ɓarna ce basu lissafa ba. Jaka tana ɓata a jirgi. In kun sauka yau gobe da safe kuna sansani kuma jakar yaro ɗaya ta maƙale a wani filin jirgin, kun shiga uku, amma in akwai kwana biyu a tsakani to ko ta iso ko a sayi abinda ya zama dole a babban gari. Kuma a kwanakin ne zaka gane waye takalminsa ke matse shi, waye baya shan ruwa sai an matsa masa, su waye basa jituwa kuma an haɗa su tanti ɗaya. Gara ka gani a gari da ka gani a tsakiyar daji.

Tambaya: Malam ni uwa ce, ɗana ɗan ƙwallo ne kullum yana fili, gudu baya gajiyar dashi. Shima sai yayi wannan jiran? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya sai yayi. Ciwon tudu baya kallon ƙarfi, yana kama ɗan wasa ya bar wanda ke tafe a baya yana haki, hasalima irin ɗanki sun fi bani tsoro don sune ke zabura gaba su ƙi faɗin kansu na ciwo saboda kar a raina su. Ki ja kunnensa tun daga gida, in yaji ciwon kai ko amai ya gayawa babba nan take. Ƙa'idar dai ita ce mai alamun ciwo baya ƙara hawa, in abin ya tsananta, ya fara tangaɗi ko ruɗewa ko numfashi na yi masa wuya yana zaune, sai a sauko dashi a nemi likita ba jira. Akwai maganin da likitoci ke rubutawa don wannan, acetazolamide, amma wannan tsakaninku da likitansa ne lokacin cike takardar lafiya, kar a karɓa a hannun wani a hanya. Sannan ƙarfin ƙwallo daban na ɗaukar kaya daban, ya fara tattaki da jakar a bayansa da takalmin da zai tafi dashi tun watanni kafin tafiyar, sabon takalmi bororo kawai zai jawo masa.

Tambaya: To Malam ba gara mu ɗau hayar mota mu zaga da kanmu ba? Meye kamfani zai mana da bazamu iya ba? Daga wani uba.

Amsa: Zaku iya mana, ƙungiyoyi da yawa haka sukeyi. Sai dai ka lissafa da kyau, motar da kuka ɗauka zata zauna a sansani kusan sati biyu kuna biyan haya babu mai hawa, kuma daga Denver zuwa Cimarron tuƙin wajen awa huɗu ne, ranar dawowa wanda zai riƙe sitiyari shine mutumin da ya yi wajen kwana goma yana barci a ƙasa ƙafafunsa na zogi. Ni wannan ne babban dalilin da zaisa in biya direba, ba labarin da ɗan jagora zai bayar a cikin bas ba. Akwai ma hanya ta uku, jirgin ƙasan Amtrak yana tsayawa a Raton wanda bashi da nisa da Cimarron.

In kamfani zaku ɗauka ku nemi komai a rubuce, inshorar motar da lasisin direba, abinci nawa ke cikin kuɗin, kuɗin shiga wurare a ciki yake ko daban, me zai faru in jirginku ya makara, da kuma yadda za'a maido kuɗi in aka soke tafiya, don ya taɓa faruwa, a 2018 gobarar daji ta Ute Park ta sa Philmont ta rufe tafiyar daji ta wannan bazarar. Ku tabbatar zasu sauke ku da safe, don ranar farko a sansani akwai duba lafiya da karɓar kaya da zazzage jaka gaban ɗan rakiyar da zai bi ku kwanakin farko, abin yana cin lokaci. In akwai shiga kogi a jadawalin to kowane yaro sai ya ci jarrabawar iyo ta sikawut tun a gida. Kuma ɗan jagoran kamfani baya maye gurbinku, dokar manya biyu a tare da yara tana nan a bas da masauki da ko'ina. Man risho kuma ba'a hawa jirgi dashi, a can zaku saya.

Tambaya: Malam kuɗinmu na yawo ɗaya ne kawai, kafin a shiga daji ko bayan an fito? Daga wani matashi.

Amsa: Kafin, ƙanena. Bayan an fito babu mai sha'awar ganin wani dutse, wanka da abinci mai zafi da gado kowa ke nema. In kuɗin ma bai kai na yawon ba, ku iso da kwana ɗaya ko biyu ku sami masauki mai sauƙi a Colorado Springs ku je Garden of the Gods, shiga kyauta ne, ku ɗan taka a ciki da safe kafin rana tayi zafi.