Tantina Ya Yi Funfuna

Tambaya: Malam, na naɗe tantin auduga bayan ruwan sama, yanzu ya yi baƙaƙen ɗige-ɗige yana wari. Ina mafita? Daga mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Funfuna ce, danshi ya jawo ta. Kafa shi a rana ya bushe ƙarau, ka kakkaɓe da buroshi mai laushi. Haɗa kofi 1 na ruwan khal da kofi 4 na ruwa, ka goge wurin, ka ɗauraye. Kada omo ko bilic su taɓa shi, suna cinye maganin da ke hana yoyo. Tabon dai ba lallai ya fita duka ba. Goga kakin zuma a bakin ɗinki. Wajen ajiya, ɗora shi kan katako, turaku a buhu daban saboda tsatsa.